Janyewa Ya Yi, Ba Ƙafewa Ba

Yayana ya yi shekara talatin da huɗu yana koyarwa a makarantar sakandare ɗaya. Ya fitar da littafin waƙoƙi uku da tarin maƙaloli guda, kuma duk abin da ya rubuta ni na buga masa, tun zamanin tafireta mai cin yatsa har aka shigo na kwamfuta. Shagon buga takardu gare ni a bakin titin da ya bi ta gaban makarantar. Don haka in na ce na san kalmar da ta karya masa gwiwa, ba a bakin wani na ji ba. Da yatsun nan nawa na buga ta.

Bayan katangar makarantar, in ka wuce filin ƙwallo, ƙasa takan gangara zuwa wani kwari mai faɗi inda ruwa ke kwanciya. Mutanen unguwa kududdufi suke ce masa, can suke kai shara da matattun kaji. Yaya kaɗai ke kiransa tafki, kuma ya yi ta faɗa har sunan ya dawo kansa. Ɗalibai suka laƙaba masa Malam Tafki don tsokana, shi kuwa ya riƙa amsawa da fara'a, tsokanar ta lalace musu.

Ba wani shahararren marubuci ba ne, kada in yi muku ƙarya. Kwali biyu na littafinsa na farko suna nan ƙarƙashin gadonsa har yau. Maƙalarsa takan fito a jaridar ƙarshen mako kusa da tallan maganin basir, matarsa ta karanta layi biyu ta shimfiɗe kantar kicin da ita. Kuma bai taɓa rubutu a kan wani wuri ba sai wannan kwarin. Na sha ce masa, "Yaya, duniya da faɗi, mutane na rubuta soyayya suna hawa mota, kai ka liƙe wa kwaɗi."

Sai ya ce, "Auta, kwaɗin ma ai ban gama saninsu ba."

Tun shekararsa ta biyu da fara aiki ya kafa turaku goma sha biyu na ƙarfe a jere, daga gindin katanga zuwa tsakiyar kwarin, ya shafa wa kowanne lamba da fenti. Duk ranar Alhamis bayan an tashi, sai ya naɗe ƙafar wando ya kwashi 'yan ajinsa su gangara. A duba turken da ruwa ya kai, a rubuta. A rubuta ranar da shamuwa ta iso, da ranar da bado ya buɗe, da inda kainuwa ta rufe. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta yake cikawa, guda a shekara. Daga cikinsu yake tsamo waƙa da maƙala, kuma da su yake koyar da rubutu. A ajinsa ba a cewa "na ga tsuntsu". In yaro ya faɗa, sai ya tare shi: "Wanne? Tsuntsu ba suna ba ne. Koma ka kalle shi sosai ka dawo." Yaro ya koma ya tsaya cikin rana har sai ya iya bambanta zalɓe da belbela. Iyaye sun sha kawo ƙara a kan taɓon da ke ɓata kayan makaranta, shi ko a jikinsa.

A shekararsa ta goma aka yi fari. Ruwan ya ja baya har ya wuce turke na goma sha biyu, ƙasa ta tsattsage, yara suka mai da tsakiyar kwarin filin wasa. Ran Yaya ya ɓaci ƙwarai, ya zauna ya rubuta waƙa, ya kawo min shago a rubuce da jan biro. Ina cikin bugawa na kai wani baiti na tsaya.

Na tafi gai da tafki da safe,
Ƙasa ta ɗau zafi kamar ƙarfe,
Zalɓe na tsaye shiru a gefe,
Na ce, "Ina ruwa?" Ya ce, "Ya ƙafe."

Na ce, "Yaya, ba kai ne ka hana mu sakat a gida ba? Ranar nan na ce tafkin ya ƙafe ka yi min lacca har shayina ya huce."

Haka kuwa aka yi. A wurin mutane ƙafewa da janyewa duk ɗaya ne, ruwa dai babu. A wurin Yaya ba haka ba. Shi a ganinsa abin da ya ƙafe ya tafi ke nan, idonsa ya mutu. Wanda ya janye kuwa sauka ya yi ƙarƙashin ƙasa yana jiran lokacinsa. Tafkinsa, in ji shi, bai taɓa ƙafewa ba.

Ya sosa ƙeya ya ce, "Na sani. To 'janye' ba ta zauna ba. Amsa-amon 'fe' ne tun daga sama, safe, ƙarfe, gefe. In na sa 'janye' baitin ya gurgunce."

"Wato ka yi wa zalɓe ƙarya."

"Buga kawai, Auta. Waƙa ce."

Na buga. Kuma kamar da gangan, duk cikin abin da ya rubuta a rayuwarsa wannan waƙar ce ta yi farin jini. Aka karanta ta a rediyo, aka sa ta cikin littafin karatu na 'yan aji uku, yara suka haddace ta don jarrabawa.

Abin ya tsaya wa Yaya a rai, sai ya mai da shi darasi. Kowace shekara in rani ya yi tsanani, yakan kai sabon aji tsakiyar kwarin, ya sa su rera baitin, sannan ya sa a tona ƙasa. Kamu biyu ake yi a tarar da danshi, a ƙara kaɗan a tarar da gaiwa, kifin nan da ke naɗe kansa cikin laka ya kwana har damina. Sai ya ɗaga ta tana motsi ya ce, "Kun gani? Malaminku ya yi ƙarya don baiti ya yi daɗi. Kada wanda ya kuskura ya yi irin tawa." Yara su yi ta dariya, a mai da gaiwa raminta a rufe.

Cikin ɗaruruwan da suka ga wannan akwai wanda Yaya ya fi ji da shi. Shi ne monitan ajinsu shekara uku a jere, sunan ya bi shi har girma, kowa Monita. Kansa na ja, rubutunsa kamar na inji, kuma in an fita kwari shi ke riƙe littafin awo. Yaya ne ya rubuta masa takardar shaida zuwa jami'a, ni na buga ta, na tuna ya sa na sake bugawa sau uku don yabon bai ishe shi ba. Monita ya karanci kimiyyar muhalli, ya yi digiri na biyu, ya buɗe ofishinsa na ba da shawara. Duk wanda ya shigo shagona sai Yaya ya ba shi labari: "Yaron nan da ƙafata ya fara sanin laka."

Saura shekara biyu Yaya ya yi ritaya aka fara raɗe-raɗin wani kamfanin gine-gine na son kwarin. Doka ta hana gini a makwancin ruwa, saboda haka sai hukuma ta kafa kwamiti ya duba ko wurin har yanzu makwancin ruwa ne ko kuwa ya zama fili. Yaya ya rubuta maƙala huɗu a jere, ya rame, ya daina cin abinci yadda ya kamata. Ana cikin haka Monita ya zo.

A shagona suka haɗu, wata Talata da hantsi. Ya fito daga mota da farar riga, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Yaya, ya juyo ya ce, "Anti, ina gajiya? Har yanzu injin nan na cin takarda?" Ya ce ya ji abin da ake shiryawa, kuma shi aka ba aikin rubuta rahoton muhalli.

Yaya ya kama hannunsa da hannu biyu. "Kai aka ba? Alhamdu lillahi! To ai an gama."

"Malam, hujja nake so mai ƙarfi. Littattafan awon nan, a ba ni su in ɗauki hotonsu, in jera alƙaluman. Shekara talatin da ɗaya, babu mai irinsu. Sati biyu in dawo da su."

Na ce, "Ga inji nan. A kawo su in yi maka kwafi, na asalin su zauna a gida."

Yaya ya harare ni. "Auta, wa kike tsoro? Wasu daga cikinsu ma rubutun hannunsa ne."

Da yamma aka loda su a but ɗin mota, an ɗaure su da igiyar shanya. Yaya da kansa ya rufe but ɗin. Sati biyu suka wuce, wata biyu suka wuce. In an kira waya sai a ce yana taro.

Ranar zaman kwamiti na rufe shago na bi shi. Zauren hukumar dogon ɗaki ne mai kujerun roba, fanka biyu na aiki, uku sun mutu. Yaya ya sa rigarsa mafi kyau, ya zauna a layin gaba. Monita ya hau mumbari ya kunna majigi, bai dubi inda muke ba. Ya nuna jadawali na shekara tara, ruwa na ta raguwa. Ban yi karatun kimiyya ba amma ni na buga maƙalolin, na gane su nan take: shekarun ƙarancin ruwa ne ya tsinto ɗaya bayan ɗaya ya jera, ya bar ashirin da biyun da ruwa ke tuƙewa har gindin katanga. A ƙasan jadawalin an rubuta cewa daga littattafan Malam aka samo.

Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni zan yanke hukunci ba. Akwai wanda ya fi kowa sanin wurin nan, malamina ne, yana zaune a nan. Ga abin da ya faɗa tun shekara ashirin da suka wuce." Ya danna, baitin ya fito a bango da manyan haruffa. Wasu a bayanmu har suka bi shi da baki, don sun haddace tun suna aji uku.

Na dubi Yaya. Bakinsa a buɗe, idonsa a kan bangon. Wallahi na so in cire takalmi in jefi yaron nan.

Shugaban kwamitin, wani dattijo mai gilashi a kan hanci, ya ce, "Malam, kai ka rubuta wannan?"

Yaya ya miƙe. "Ni ne, ranka ya daɗe. Amma tafkin bai ƙafe ba. Janyewa ya yi."

"To ga shi ka ce ya ƙafe."

"Amsa-amo ne ya ja ni. Baitin a kan 'fe' yake tafiya."

Aka fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, mutane dai sun ji abin ban dariya sun yi, amma gara a ce zaginsa suka yi. Shugaban ya jira aka lafa ya ce, "Malam, ka taimake mu. Gaskiya ka rubuta ko ƙarya? In gaskiya ce, an gama. In ƙarya ce, ta yaya za mu yarda da sauran maganarka?"

"A duba littattafan duka. Talatin da ɗaya ne, ba tara ba."

"Suna ina?"

Yaya ya juya ya dubi Monita. Monita na jera takardu a kan tebur, ya ce ta makirufo, "Waɗanda ake iya karantawa su na yi amfani da su, ranka ya daɗe. Sauran danshi ya ci su."

Na miƙe na ce, "Ƙarya kake, wallahi ƙarya kake! A akwatin ƙarfe suke shekara talatin!" Wani ɗan sanda ya zo ya ce Hajiya a zauna ko a fita. Na zauna.

Da aka tashi muka tare Monita a baranda. Na ɗauka Yaya zai yi faɗa, na shirya taya shi. Sai ya tsaya kawai ya ce a hankali, "Kai ka riƙe shebur ranar nan. Kai ka fito da gaiwar, ta kuɓuce maka ta ɓata maka riga."

Monita ya sunkuyar da kai, ya yi ta juya makullin mota. "Malam, ni ban ƙara ko wasali ba. Rubutunka ne. Kuma in ban yi ba wani ne zai yi, wurin nan an riga an gama da shi tun kafin a kira ni. Za a yi magudanai masu kyau, na tabbatar an sa a tsarin."

"Littattafaina fa?"

"Zan aiko, Malam."

Bai aiko ba har yau da nake wannan rubutu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, da wani baƙo aka ɗauko, waƙar ba za ta zo masa a rai ba. Ko ta zo, zai ɗauka gaskiya ce, in ce kuskure ya yi. Monita ya san ƙarya ce domin mai ita ya tsaya cikin rana ya gaya masa, don ya zama mutumin kirki. Abin da Yaya ya tona na aibin kansa don ya koyar, shi yaron ya adana shekara da shekaru har ranar da zai yi masa amfani. Cin amana na sha gani, a shagon buga takardu babu irin wanda ba ya wucewa ta hannunka. Irin wannan ban taɓa gani ba.

Da rani tifofi suka fara shiga. Daga ƙofar shagona ina ƙirga su har na gaji na daina. Aka zuba jar ƙasa, aka daddaɓe, aka ja layuka, aka kafa babban allo a bakin hanya mai hoton gidaje da yara kan keke. A ƙasansa ga baitin, ga sunan Yaya, har da "fitaccen marubuci kuma masanin muhalli". Shekara talatin ba wanda ya kira shi fitacce sai ranar. Na ce mu je wurin lauya, lauya ya duba ya ce layi huɗu ne daga littafin makaranta, kuma ba su canza komai ba.

Yaya ya ƙarasa shekara biyunsa a aji. Ranar Alhamis sai ya ba su aikin nahawu. Bai ƙara kawo min ko layi ɗaya in buga ba. Bayan ritaya yakan zo shago da safe ya zauna a benci, ya taya ni jera takardu da maƙala su, aikin da ko yaro zai iya. In tsoffin ɗalibai suka gan shi suka ce "Malam Tafki!" sai ya ɗaga hannu bai ɗago kai ba. Matarsa ta ce min a gida ma haka yake, sai ta ce ta fi son lokacin da yake shigo mata da taɓo.

Damina biyu aka yi masu sauƙi, gidaje suka tashi, mutane suka tare. Ta ukun ta zo da ƙarfinta. Kwana huɗu ana ruwa, ran na biyar da safe aka ɗauke. Muna shago ni da Yaya, wuta ba ta dawo ba, sai ga wata mata ta shigo. Kayan ma'aikatan jinya ne a jikinta, farar rigar ta jiƙe har cinya, ta riƙo takalmanta a hannu. Za ta yi shekara arba'in.

Ta ce, "Sannu Anti. An ce min a nan zan sami Malam."

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce a sabuwar unguwa take, layi na uku, ita da 'ya'yanta huɗu, mijinta ya rasu. Ta ce ruwa ba ta ƙofa ya shigo ba, ta ƙasan tayil ya ɓullo, yanzu ya kai gwiwa a falo. Ta je ofishin kamfanin ta tarar an garƙame ƙofar da kwaɗo.

"Ni ba faɗa ya kawo ni ba, Malam," in ji ta. "Lokacin da zan saya, ƙanena ya ce kada in saya, wurin ruwa ne. Na ce masa Malam da kansa ya ce ya ƙafe, ga shi nan a allo. Mun yi waƙar a makaranta. Na ce mutumin da ya yi shekara talatin a wurin ba zai faɗi abin da ba haka ba."

Na buɗe baki zan ba ta labarin Monita daga farko har ƙarshe. Yaya ya ɗaga min hannu, na yi shiru.

Ta ce, "An ce babu wanda ya san ruwan nan kamarka. Ina so in san ko in kai yaran gidan ƙanena ko mu daure a kan gado. Yaushe zai tafi?"

Yaya ya gyara zama a benci. Sannan ya tambaye ta ko ruwan garau yake ko ja, ta ce garau. Ya tambaye ta ko da sanyi sosai, ta ce kamar na randa.

"To na ƙasa ne, ba na sama ba," ya ce. "Kai su gidan ƙanenki. Sati bakwai zai yi, in ba a ƙara ruwan sama mai yawa ba. Kada ki kunna wuta ko ya sauka, sai bango ya bushe."

Ta gyaɗa kai tana lissafi da yatsu. Ta miƙe, ta yi godiya, har ta kai ƙofa ta juyo.

"Malam, baɗi fa?"

Yaya ya dube ta, idonsa ya cika.

"Baɗi ma, 'yata. Kowace shekara."

Ta ce, "To. Na gode, Malam." Ta gyara riƙon takalmanta ta fita titi.